Na Naɗa wa Kakana Rawanin Malanta, 'Yan Sanda Suka Warware Shi

Edita, sallama gare ka da masu karatunka. A sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya san Ƙofar Atiku a Sakkwato zai gane ni tun bai kai tsakiya ba. Ba komai, dariyar da za a yi mini an riga an gama yin ta. Lokacin da abin nan ya faru ni dillalin shanu ne a kara, na haura hamsin da biyar, ga furfura, ga rawani, ga baki kamar reza. Karatun allo ban wuce izu biyu ba, na boko kuwa aji uku na yi, malamin ya ce ni da makaranta mu rabu lafiya tun ba a ji kanmu ba. Abin da Allah ya hore mini shi ne harshe. Tsohuwar saniyar da ta ga jikokinta, in na dafa ta na fara magana, sai mai saye ya rantse karsana ce. Ban taɓa kiran wannan ƙarya ba, gishirin sana'a nake ce masa. To gishirin nan ne na je na zuba a inda ba a zuba shi.

Wata damina mai ƙarfi, bayan rasuwar mahaifinmu, bangon tsohon ɗakin kakanmu ya zube. Ɗaki ne da aka daɗe da mayar da shi wurin jibge tarkace. Muna kwasar ƙasa sai ga wata adaka ta katako ƙarƙashin ruɓaɓɓun tabarmi. Da na buɗe na tarar da littattafai goma sha ɗaya, rubutun hannu, kowanne cikin gafakarsa ta jar fata, wato jakar da ake saka littafi a rataye. Ga takobi guda wanda ba a ƙarasa ɗinka kubensa ba. Can ƙasa kuma ga basilla da wuƙaƙen yankan fata. Na san sarai abin da nake kallo. Kakana baduku ne, da ɗinkin fata ya ci ya sha har ya koma ga Allah ina ɗan shekara huɗu. Mahaifinmu ne ya bar dukanci ya shiga harkar shanu, kuma ba ya son a tuna masa. Amma da maƙwabta suka leƙo suka ga littattafai, wani ya ce ashe gidanku gidan malamai ne. Sai na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga ka har tafin ƙafa. A garin nan namu kowa ya san nauyin wannan kalma. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na dai sunkuyar da kai na yi ɗan murmushi irin na masu tawali'u, na lallaɓa na tura kayan ɗinkin ƙarƙashin gado.

Na sa aka share zaure, na shimfiɗa buzu, na jera gafakun a jikin bango. Makon farko kakana almajirin ilimi ne mai ƙoƙari. Kafin wata ya ƙare ya zama malami mai ɗalibai arba'in. Da rani ya shigo har daga bakin Kwara ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Takobin kuwa na ce na mahaifinsa ne, ya sha yaƙi, in aka saurara da kyau ranar Juma'a ana jin yana ɗan kuka a cikin kube. Tsofaffin unguwa da suka san gaskiya sun kusa ƙarewa, sauran kuwa da na kawo goro da shayi sai su yi shiru suna kallon rufi. Mutane suka riƙa zuwa, wasu su shafa littafi su shafe fuska. Akwai ranar da na buɗe wani ina kaɗa kai kamar karatun ya shige ni, wani baƙo ya ce mini a hankali, Alhaji a kife ka riƙe shi. Na ce masa ai mu jikokin gidan ta ko'ina muke karantawa. Aka yi dariya, ni ma na yi. Ko a kara sai da girmana ya ƙaru, abokan dillanci suka koma kirana Malam, farko da wasa, daga baya da gaske. Wallahi Edita daɗin abin ya fi ribar bijimi.

Shekara biyu ina wannan sha'ani, sai wani abokina mai shagon gyaran waya a Sabon Gari ya ce bari ya ɗauke ni bidiyo duniya ta gani. Na sa babbar rigata mai aska takwas, na zauna na zuba. Na buɗe littafi mafi kauri, na nuna farkonsa, na nuna shafin ƙarshe, abokin nawa ya matso da waya ya ɗauka rangaɗau. Da na ga abin yana tafiya daidai, sai shaiɗanin dillanci ya motsa. Na ce wani Bature ya zo har zauren nan ya yi mini tayin mota sabuwa fil a kan littafin nan guda, na ce masa in yi shawara tukuna. Ba Baturen da ya taɓa taka zaurena. Baturen ƙarshe da na gani ido da ido, allurar shanu ya zo dubawa, ina saurayi.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, ina shan fura a ƙofar gida, mota ta tsaya. Mutum uku suka fito: sufeton 'yan sanda, da wani ma'aikacin ofishin kula da kayan tarihi mai tabarau, da wani malami dattijo daga ɗaya daga cikin manyan gidajen ilimi na cikin gari, wanda tun ina yaro in ya wuce muke durƙusawa. Sufeton ya gaishe ni da ladabi, Baba kaza Baba kaza, sannan ya faɗi abin da ke tafe da su. Malamin ya ga bidiyon, kuma a shafin ƙarshen da na buɗe wa duniya da hannuna, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa littafin mallakar kakansa ne, da sunan gidansu. Ashe kuma 'yan shekarun baya an shiga gidan nasu an kwashe tsofaffin littattafai, sun kai ƙara, ba a kama kowa ba. Ga ni kuma na faɗa da bakina ina cinikin littafi da Bature. Mai tabarau ya yi mini bayani cewa ajiye kayan gado a gida ba laifi ba ne, amma sayar da kayan tarihi ko fitar da su ƙasar waje ba izini laifi ne babba, kuma abin da ke ɗauke da sunan wani dole in faɗi yadda ya zo hannuna. Suka ƙirga komai suka rubuta, na dangwala yatsa, aka ɗora adaka a mota, aka ɗora ni. Furar nan ban san wanda ya ƙarasa ta ba.

A caji ofis, maimakon in yi wa kaina faɗa, sai na ƙara hawa dokin. Na ce kakana malami ne, wataƙila kakan Malam ne ya ba shi kyauta, ai malamai suna yi wa juna haka. Malamin bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni a wurin wa kakana ya yi karatu, na kama sunan wani da na taɓa ji na jefa. Ya ce wannan ya rasu tun kafin a haifi kakana. Ya tambayi ɗalibi guda daga cikin arba'in ɗin nan, na ce sun warwatsu. Ya ce shi ya san malaman garin nan gida gida har kaka bakwai, kamar yadda na san shanu, bai taɓa jin an ambaci gidanmu ba sai in takalmi ya tsinke. Sufeto ya turo mini littafin ya ce Baba karanta mana layi ɗaya. Na ce idona ba ya gani sai da tabarau. Mai tabarau ya cire nasa ya miƙo mini. Edita, na sa tabarau ɗin nan, na ga baƙaƙen sun ƙara girma, amma ko ɗaya bai gaishe ni ba. Nan sufeto ya daina murmushi. Ya ce magana biyu ce a gabana, karɓar kayan sata da yunƙurin sayar da kayan tarihi, kuma kowacce tana iya kai dattijo gidan yari. Mai unguwarmu ya zo ya yi belina, aka ba ni mako guda in kawo hujjar yadda littafin ya shigo gidanmu, in ba haka ba sai kotu.

Kwana biyu ban fita zaure ba. Ni da ake kira Malam, yanzu ana raɗe-raɗin ɓarawon littattafai, abin da ko ɓarayin ma ba sa alfahari da shi. A rana ta uku na hau kabu-kabu zuwa Gidan Dahala wurin yayata. Ta girme ni da shekara goma sha biyu, a gaban kakanmu ta tashi, ita ke share masa ragowar fata. Tun farkon ƙaryata na daina kai mata ziyara don na san bakinta. Ina shiga ta ce a shimfiɗa wa Shehu buzu, a kawo ruwa ta sha tubarraki. Na ce Yaya ki bari, wuta ce a gindina. Ta ce: "Mi ya kai ka? Tsohon ga da basilla ya ciyar da ubanka, kai ko ka tashi ka naɗa mai rawanin da bai roƙe ka ba." Sai da ta wanke ni tas, har ta tuno kazar maƙwabta da na sace ina yaro na ce shaho ne, sannan ta gyara zama ta faɗa mini abin da ban taɓa sani ba.

Ta ce malamai da yawa a cikin gari wurin kakanmu suke kawo littattafansu ya ɗinka musu gafaka, domin hannunsa babu na biyu. Amma shi ko alif bai sani ba, duk littattafai kamarsu ɗaya a idonsa. Don kada ya ba wani na wani, sai ya yi dabara. Duk wanda ya kawo littafi, zai ɗauki ɗan tsirin fata kamar tsawon tafin hannu, ya yanka shi biyu yankan zigi-zaga, kowanne da irin nasa haƙoran. Rabi ya ɗinke a jikin gafakar, rabi ya ba mai littafi. Ranar karɓa sai a haɗa, in haƙora sun shige juna a ba ka kayanka, in ba su shige ba ko hakimi ne kai sai dai ka koma. Waɗanda suka rage a adaka na mutanen da ba su dawo ba ne, wani ya tafi Makka a ƙasa bai komo ba, wani ya rasu magada ba su san inda littafin yake ba. Shi kuwa tsoho ya ƙi bayarwa, ya ƙi sayarwa, ya ce amana ce. Sai ta juyo ta tambaye ni ko tsirarran fatar suna nan a jikin gafakun.

Gaskiyar da ban faɗa muku ba ita ce, ranar da zan jera gafakun a zaure, na ga kowacce da wani ɗan guntun fata yana reto kamar kunnen akuya. Na ga bai dace da littattafan babban malami ba, ya yi kama da aikin da ba a gama ba. Na zauna da reza na warware ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, tsaf, ko alama ban bari ba, na watsa su cikin gwangwanin madara tare da basillar. Biyu daga ciki ma na ɗaure eriyar rediyo da su har suka ɓace. Da na faɗa mata, Yaya ta yi salati ta sanar da Ubangiji, ta ce ita dai ta san ranar da ake rabon hankali ina kara ina cinikin saniya. Ta ce in ɗauki tara da suka rage in je in faɗi gaskiya, in kuma ce baduku da ƙarfi yadda na bayan ɗaki zai ji.

Hanyar nan daga gida zuwa caji ofis ta fi mini tafiyar Illela a ƙasa. Na shiga da gwangwanina, ga sufeto, ga mai tabarau, ga Malam da 'ya'yansa manya biyu, ga mai unguwa. Na ce ranka ya daɗe, ƙarya na yi. Kakana baduku ne, bai taɓa karantar da ko kaza ba, takobin ma kube aka kawo a ɗinka masa, kuma ban taɓa jin ya yi kuka ba. Sufeto ya ce Baturen fa? Na ce shi ma ni na ƙera shi, da motar tasa. Wani ɗan sanda a bakin ƙofa ya fita da gudu yana tari. Na zazzage fatun a kan tebur na maimaita abin da Yaya ta ce. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Malam ya ce wannan ma wata sabuwar tatsuniya ce, mutumin da ya ƙera Bature ai guntun fata ba zai gagare shi ba. Ban ga laifinsa ba. Amma Malam ya ɗauki guda yana jujjuyawa. Can ya ce a cikin kayan kakansa akwai wani ɗan guntun jar fata mai haƙora, a naɗe cikin farin ƙyalle. Matan gidan sun ɗauka laya ce, maza sun ɗauka alamar shafi ce, ba wanda ya san amfaninsa, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin yarwa. Ya aiki ɗansa ya ɗauko.

Sa'a guda muka yi muna jira, ina ta lissafin cewa in rabin nasa yana cikin biyun da na ɗaure rediyo da su, tawa ta ƙare. Da aka kawo, sufeto da kansa ya riƙa gwadawa. Na farko bai shiga ba, na biyu bai shiga ba, har na biyar. Na shida yana kusantarsa sai haƙora suka shige juna tsaf, ko iska ba za ta ratsa ba, kamar jiya aka yanka. Malam ya yi kabbara, hawaye suka zubo masa. Ya ce tun yana yaro yake jin labarin wannan littafi, an ce kakansa ya fita da shi wata safiya, ya dawo da zazzaɓin da bai tashi ba. Ba ya cikin waɗanda ɓarayi suka kwashe, shekaru da yawa kafin nan ya ɓace. Ya juyo ya ce mini, kakanka da bai san alif ba ya tsare mana abin da mu masu karatu muka kasa tsarewa, wane rawani kake nema masa da ya wuce wannan? Na ce Allah gafarta Malam, a yafe mini. Ya ce ya yafe, amma in daina riƙe littafi a kife. Ashe har wannan ya ji.

Aka rufe maganar sata. Ta Bature kuwa sai da na rubuta, wato aka rubuta na dangwala, cewa ban sayar ba kuma ba zan sayar ba, abokina mai waya ya sake ɗauka ta ina ƙaryata kaina, kuma wannan bidiyon ya fi na farko tafiya nesa. Mai tabarau da Malam suka zauna suka duba sauran goman. Huɗu akwai sunan masu su a shafin ƙarshe, aka bi diddigi aka mayar wa jikokinsu, wani gidan har rago suka aiko mini, na kai wa Yaya cinya. Shida babu suna ko ɗaya. Su da takobin aka yi musu rajista, aka ɗauki hotonsu, aka dawo mini da su da takarda. Takardar ba ta ce nawa ne ba, cewa ta yi ni ke riƙe da su. Lokaci lokaci mai tabarau yakan biyo ya duba ko gara ta taɓa su, mu sha shayi, ya koya mini yadda ake ajiye takarda nesa da laima. Na fito da basilla da wuƙaƙen na rataye su a wuri mafi kyau a zauren. A kara an daina ce mini Malam, an koma Jikan Baduku, kuma wallahi na fi jin daɗin amsawa, don ba na waiwaye in ga wa ke dariya.

Abu guda ne ya tsaya mini a rai. Da labarin ya bazu, wani tsoho mai sayar da goro ya zo da rabin fata a cikin aljihu, ya ce mahaifiyarsa ta bar masa, ta ce kada ya yar. Muka gwada, ya shige da ɗaya daga cikin nawa tsaf. Ya ce na kakansa ne, kuma tunda huɗun masu suna sun koma gidajensu, littafin yana cikin shidan nan, babu shakka. Amma wanne? Da ban warware ɗinkin ba, da nan take na miƙa masa kayansa. Mai tabarau ya duba da madubin ƙara girma, Malam ya duba rubutu, ba wanda ya iya cewa ga shi. Na ce ya zaɓi wanda ya ga dama, ya ce shi bai zo ɗaukar amanar wani ba. Yanzu duk Juma'a in ya taso masallaci sai ya biyo zaurena, ya zauna gaban gafaku shida, ya shafa kowacce, tunda bai san wacce ce tasa ba. Mun zama abokai, yana kawo goro ina kawo surutu, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Alhamdu lillahi, na fita lafiya, ina barcina da minshari, ina cin tuwona, ban kwana a ɗaure ba ko sau ɗaya, kuma na san ba wayona ne ya fid da ni ba. Abin da na koya shi ne, kasancewar abu a ɗakinka ba shi ke sa ya zama naka ba, kuma sana'ar da ta ciyar da gidanku ba abin ɓoyewa ƙarƙashin gado ba ce. Masu tsofaffin littattafai da takubba da sauran kayan kakanni, ku kai a duba a rubuta tun ba a zo da mota ba, kada kuma ku yi wa waya burgar ciniki, don hukuma ba ta san wasa ba. In kuma kun ga wani zare ko ƙulli ko tsumma yana reto a jikin tsohon kaya, ku ajiye reza, ku je ku tambayi tsohuwar gidanku tukuna, ko da za ta zage ku. Zagin minti goma ne. Ni ga shi nan na yi gyaran rabin sa'a, na raba bawan Allah da gadon kakansa yana zaune yana kallonsa.